Rigar Baba a Baibai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ganin surukina a kan keke ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙauyensu ba za su bari ba. A shekarun fari ne, lokacin da ruwan sama ya yi ƙaranci. Ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, ina zaune gidanmu a unguwar Zango, ina ji kamar ni na kawo karatu ƙasar. Shekaru na yi a makarantar kwana, na dawo da Faransanci a baki da biro uku a aljihu. Kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi.

Abu biyu nake so a lokacin, kekena da Mariyama. (Ta sha cewa in riƙa fara ambaton sunanta, amma gaskiya keken na riga samu.) Baƙi ne mai ƙararrawa da madubi biyu, kullum sai na goge shi kafin in wanke fuskata. Ran Lahadi nakan fita gari, in sauka daga titin gudron, wato na kwalta, bayan garin Dogo, in bi hanyoyin ƙauye inda fako ya yi tauri. Ba motar kamyon, ba amalanke, ko jaki sai ka daɗe ba ka gamu da shi ba. Ina tafe ina waƙa, ina sakin hannu, ina cewa a raina ba hanya mai daɗi kamar wannan. Ban taɓa tambayar kaina ina shanun da jakunan suka tafi ba. Fari ne ya share mini hanya, ni kuwa ina ta yaba sharar.

Mariyama tana zaune wajen gwaggonta a unguwarmu, amma mahaifinta, Malam Issufu, manomi ne a wani ƙaramin ƙauye gaba da Dogo. Da maganar aure ta kai masa, sai ya aiko da amsa gajera: "Kafin manya su zo, a turo mini yaron in gan shi. An ce 'yan lakwal ɗin nan ba su san gabas ba." Ma'ana dai, in na yi masa a ba ni, in ban yi masa ba shi ke nan.

Innata ta zaunar da ni ta yi mini karatu. "Ka sauka daga keken tun bakin gari. Ka cire takalmi. Ka durƙusa, kada ka ɗaga kai ka kalle shi. Bakin nan naka kuma, don Allah ka bar shi a gida." Na ce, "Haba Inna, ni da nake koya wa yara sittin ladabi?" 

Na fita bayan asuba da goro da sukari a bayan keke, da sabuwar rigar shadda fara a naɗe don kada gumi ya ɓata ta. Watan bakwai ne, amma sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Da hantsi na iso, na laɓe bayan wani gawo na zura rigar, na duba kaina a madubin dama, na sake dubawa a na hagu. Na yi kyau, ba ƙarya.

Ina shiga bakin gari ina jan keke, sai ga ayarin maza suna dawowa daga fili, shiru, ba mai magana. Wata tsohuwa ta nuna mini na gaba-gaba ta ce, "Ga Malam Issufun can." Na jingine keke, na cire takalmi, na zube a gabansa, kaina a ƙasa. Gaisuwa kam na yi ta kamar a littafi. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya haƙurin ruwa. Yana amsawa a hankali, har na ji muryarsa ta fara laushi. Na ce a raina, Mushe, ka gama.

To, mai kai a ƙasa ba abin da yake gani sai gefen riga. Nan idona ya faɗa kan ɗinki, duk a waje, zare na reto. Na ɗan saci kallo sama kaɗan, na ga bayan aikin aljihu ne ke kallona. Wayyo, dattijo ya sa riga a baibai, ya shiga jama'a, kuma ba wanda ya ji tausayinsa ya gaya masa! Sai na ga dama ta samu da zan nuna ni suruki ne mai lura.

Na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, rigarku a baibai take."

Ya ce, "Me ka ce, yaro?" (Ba wanda ya gaya mini kunnensa ɗaya ba ya ji sosai.)

Na ɗaga murya irin ta aji. "Na ce rigarku a baibai take, Baba! Ba komai, girma ne, kowa yana mantuwa. Ku kawo in juya muku."

Kuma wallahi har na kama gefen rigar.

Shirun da ya biyo baya ne ya sa na ɗaga kai. Liman, riga a baibai. Mai gari, a baibai. Na bayansa, a baibai. Duk namijin da ke wurin, tsofaffin riguna ne a jikinsu, kuma kowace a juye. Daga sallar roƙon ruwa suke. Kwana uku suna azumi, suka fita da ƙafa, suka juya rigunansu bayan huɗuba suna roƙon Allah Ya juya musu halin da suke ciki. Ni kaɗai ne a wurin da sabuwar shadda, ina ƙamshin turare, ina riƙe da rigar surukina.

Liman ya gyara murya ya ce, "Mushe, ku a lakwal ba a roƙon ruwa ne?"

Da na bi maganar Inna da na yi shiru. Sai na ji bakina yana cewa, "Allah gafarta Malam, mu auna shi muke yi. Akwai gwangwani a tsakar lakwal."

"To, nawa kuka auna bana?"

"Ba komai a ciki, Malam."

Mai gari ne ya fara. Ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, sai dariyar ta ƙwace masa. Nan take wuri ya ɗauka. Wani tsoho har zama ya yi a ƙasa yana share hawaye, mata suka leƙo ta kan darni suna tambayar me ya faru, aka gaya musu, suka kama tasu. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar ta bushe da yawa.

Malam Issufu shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Tashi, yaro. Cire rigar." Na cire. Ya juya ta da hannunsa, ya zura mini ita a baibai. "Hau kekenka ka koma. Kada ka juya ta sai ka shiga ɗakin uwarka." Bai ce komai kan Mariyama ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba.

A hanyar komawa ban yi waƙa ba. A ranar na fara ganin abin da nake wucewa kowace Lahadi. Geron da aka shuka sau uku ya tsaya iya tafin hannu ya ƙone. Ga ƙasusuwan shanu a gindin itace, ga gidajen da aka toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun yi kudu. Kunya ta kama ni fiye da ta bakin gari, na sami kaina ina taka keke ina roƙon ruwa da gaske, har da hawaye.

Ba kowa a hanya, don haka rigar ba ta dame ni ba sai da na shigo Zango. Mai shayi ya ɗaga hannu: "Mushe, rigarka baibai!" Tela ya leƙo: "Mushe, rigarka!" Har gwaggon Mariyama da ke ƙofar gida ta ce, "Ɗan nan, lafiya?" Kowa na ce masa na gode, na wuce. Inna ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ka tafi da bakin ke nan."

Ruwa bai sauka a makon ba, kuma damina ba ta yi kyau ba a shekarar. Amma bayan kwana takwas gwaggo ta shigo gidanmu da saƙon ɗan'uwanta. Ya ce yaron bai san komai ba, wannan gaskiya ne. Sai dai da yaron ya ga tsoho zai ji kunya cikin mutane, bai iya yin shiru ba, kuma an ce ya ratsa Zango da rigar yadda aka sa masa. Ya ƙara da cewa tun da aka yi shuka bai ji garinsu ya yi dariya ba sai ranar. A turo manya.

Har yau a ƙauyen nan Mushe Baibai suke ce mini, jikokina ma sun ji. Darasin da na ɗauka bai da yawa: kafin in gyara wa mutum rigarsa, nakan ɗaga kai in dubi ta sauran jama'a tukuna. Bakin kuwa, Mariyama ta ce har yanzu ban koyi barinsa a gida ba.