Kerttu Ta Mutu a Bakin Gatari

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har fushi ya rasa wurin zama, ni Aulikki Rautiainen, ta gidan da ke ƙarshen hanyar tafki a wajen garin Kajaani, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan aikina na zauren masu amfani da manhajar Linux rasuwar kwamfutata, Kerttu. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a bakin aikinta, a ɗakin ƙasa. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, duk da tana da shi. Ƙanena Tapani ne ya sassare ta da gatarin da muke faskaren itacen sauna, ɗakin wankan tururinmu, da shi.

Marigayiya ba ta taɓa cin dafaffen wani ba. Duk wanda ya san gidan nan ya san ƙa'idarmu: ba ma ɗauko manhajar da aka riga aka haɗa mu ɗora kawai. Ɗanyen rubutun masu manhajar muke saukewa, mu zaɓi abin da muke so a ciki, mu zubar da tarkace, sannan mu miƙa wa Kerttu ta gina da kanta. Takan yi kwana da kwanaki tana gini, rubutu na gudu a allonta, fankarta na "wuuu, wuuu", can kuma ka ji "ƙir-ƙir-ƙir" kamar tsohuwa na gwaguyar ƙashi. In ta ɗau zafi, a bayanta nake shanya safa, a nan ƙullin burodina ke tashi. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Idan gini ya rushe a tsakiya, sai ta nuna layin da ya rushe ba ɓoye-ɓoye, ta jira in gyara mu sake daga farko.

Ga yadda ajalin ya zo. Kwanakin baya dila ya shiga akurki ya yi wa kajin mahaifiyarmu kisan gilla, ko zakaran bai bari ba. Irin gidanmu ne tun kakanni, masu gashi har ƙafa, waɗanda sanyi ba ya damu, kuma su ne kaɗai abu mai rai da Mama ta bar mana. Abin da ya tsira dozin ɗaya ne na ƙwai da Tapani ya kwashe kafin ɓarnar. Ya jera su a akwatin ƙyanƙyasa da muka haɗa da hannunmu, Kerttu ce kuma ke kula da zafinsa, ta kunna in ya huce, ta kashe in ya yi yawa.

Saura 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe sai aka saki sabon gyara na wata ƙaramar manhaja da kusan duk sauran ke jingine a kanta. Duk mai mutunci a zaurenmu ya san ba a kwana da tsohuwa in sabuwa ta fito. Na saka. Tana zama, duk abin da aka gina a kan tsohuwar ya ƙi tashi, har da manhajar da ke kula da akwatin ƙwai, dole a sake gina su gaba ɗaya. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka aikin yake. Na ba da umarni, Kerttu ta jera su ta kama. Sai dai manhajar shiga intanet ce a gaban layi, wadda ita kaɗai takan cinye yini da rabi, ta ƙwai kuwa tana can ƙarshe. A ce in katse gini a tsakiya? Ba a gidan nan ba.

Amma ai ni ba mahaukaciya ba ce. Da na ga akwati ya fara hucewa, sai na kwashe ƙwan na jera a kwandon burodi, na lulluɓe da safar ulu, na tura bayan Kerttu daidai inda iskar fankarta ke fita. Na sa ma'aunin zafi, ya tsaya cif inda ake so. Muddin tana gini, ƙwan suna cikin ɗumi. Sai na hau sama in ɗora kofi.

Ina kicin na ji Tapani ya shigo ta ƙofar ƙasa daga wurin faskare. Ya dafa akwatin ya ji sanyi ƙalau. Ko murfin bai ɗaga ba, sai ihu.

"Yaya! Me ya kashe akwatin nan?"

"Gini ake, ka saurara in sauko!"

"Gini? Ginin uban wa? Kin sake kunna shegiyar tukunyar nan taki a kan ƙwan Mama?"

"Ka iya bakinka, ta fi ka hankali. Ina zuwa!"

Kafin in taka matakala na ji saran farko. Kerttu ta yi "ƙiiii", ƙarar da ban taɓa ji daga gare ta ba. Na biyu ya tsaga murfinta ya shiga har hanjinta, tartsatsi ya tashi, ƙauri ya turnuƙe ɗaki. Na gangaro da butar kofi a hannu ina ƙwala kiran sunansa, ina, idonsa ya rufe. Yana sara yana zagi, ƙarfe da roba na tarwatsewa har bango, fankar ta fice tana juyi a ƙasa. Saran ƙarshe da hannu biyu ya ɗaga. Gatarin ya zame a kan ƙarfe ya wuce baya, ya sauka a tsakiyar kwandon.

Abin da ya fantsamo masa a fuska ba na kwamfuta ba ne. Ya shafa ya duba hannunsa, gwaiduwa ce da jini, ga wani ɗan abu mai baki da ƙafafu yana motsi a bakin gatarin. Na kwaɗa masa butar a ƙeya, ban kuma yi nadama ba, amma ko waiwayowa bai yi ba. Ya durƙusa yana tona safa yana cewa, "Yaya, me ya sa ba ki faɗa min ba? Me ya sa?" Na ce ai cewa na yi ka saurara, kai kuma tun kana yaro ba ka iya ba.

Marigayiya ta rasu ta bar allonta da ba a taɓa ba, da faifan ajiyarta da ya sha da ƙyar da sara a gefe, da ginin da bai kai ƙarshe ba. Ta kuma bar ƙwai huɗu masu rai, waɗanda ta riƙe da ɗuminta har numfashinta na ƙarshe. Babu ita, akwatin ya zama katako kawai, don haka suna cikin rigar Tapani, manne da fatarsa, ɗaure da gyalena. A kujera yake kwana a zaune, ba ya tari, ba ya sunkuyawa. Ba na yi masa magana, wallahi ganinsa ma tafasa ni yake, amma ni nake ba shi miya a baki da cokali don kada ya motsa.

Za a kai gawar ranar Asabar da safe wurin tara matattun kayan lantarki na ƙaramar hukuma. A baro za a ɗauke ta, 'yan zaurenmu ne za su tura. Bayan nan akwai kofi da burodin kirfa a kicin, ba a ɗakin ƙasa ba, don har yanzu na kasa wanke bangon. Wanda ya kashe ta ba zai halarta ba, ba shi da halin tashi. Mai shirin ba ni shawarar in sayi sabuwa da manhajarta a haɗe, ya yi zamansa a gida, ya fi masa lafiya.

Iyali suna roƙon kada a kawo furanni. Wanda yake da kaza mai kwanci, don Allah ya taho da ita tun yau, kada ya jira Asabar.