Sai An Gyara Bindigar Kakana Kafin A Lalata Ta

Ranar Talata na kori tsohuwar motata kilomita ɗari da arba'in zuwa birni, rana na gasa min ƙeya, don kawai in roƙi hukuma ta yarda cewa mataccen ƙarfe ya mutu.

Kakana Clarrie ya dawo daga fagen New Guinea a Yaƙin Duniya na Biyu da tsaraba biyu: zazzaɓin cizon sauro da ƙaramar bindigar wani hafsan Japan. Zazzaɓin ya tafi, bindigar ta zauna. Ni na gaje ta, ita ce uwa a cikin tsofaffin bindigogi shida da nake tarawa don tarihi. Tsatsa ta cinye cikinta tun ba a haife ni ba. Ko ƙwai ba za ta fasa ba, sai dai a jefe shi da ita. Kwatsam sai ga takarda: a sabunta rajistarta kafin ƙarshen wata, ko a narkar da ita.

A ofishin rajistar bindigogi na tarar da jami'insu, Mai Girma Sarkin Hatimi, yana hura shayinsa.

"Ina shaidar tana da tarihi?"

Na miƙa wasiƙar kakana da hotonsa cikin kaki.

"Sai mai ita na asali ya sa hannu."

"Ranka ya daɗe, kakana ko hafsan? Duk sun riga mu gidan gaskiya."

Ya daɗe yana kallon kwamfuta, sannan ya ce fom bai tanadi gurbin matattu ba. Amma da yake mutum ne mai tausayi, Allah ya ƙara masa kujera mai juyawa, ya ce in kawo takardar maƙeri mai lasisi cewa shi da hannunsa ya hana ta harbi.

Mervyn maƙerin garinmu ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya yi tsaki.

"Kai Des, so kake in sa hannu a ƙarya da tsufana? Takarda ta ce ni na lalata ta. Wannan kuwa tsatsa ta riga ni. Sai na gyara ta tukuna ta yi harbi, sannan in lalata maka ita bisa doka."

An sayar da kare an sayi biri ke nan.

Maƙwabciyata Noreen ta ji labari tana shanya. Ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Wato shekara tamanin tana barcinta lafiya, yanzu za a tashe ta don a zauna lafiya? Ba za a bar kaza cikin gashinta ba?"

Na ce, "Noreen, manya sun fi mu hangen nesa. Shi ya sa ba sa ganin abin da ke gabansu."

To jama'a, ranar Juma'a da ƙarfe goma bindigar kakana za ta yi tarinta na farko tun 1943, a filin gwajin Mervyn, don kare lafiyar al'umma. Da ƙarfe sha ɗaya a toshe ta. Ku ɗaure karnukanku.

Ni dai roƙona kada wani ya kai musu tsegumin gwiwata ta hagu, wadda ita ma ta daina aiki ba tare da takarda ba.