Shekarun Hajiya Furera Ɗari Bakwai

Shekarar da soja suka koma bariki Mahmud ya dawo Ƙofar Marusa da takardar karatun kwamfuta, aiki kuwa ko ƙyallinsa. Sai ga wani asibiti na neman manhajar rajistar marasa lafiya. Gobe za a gwada wadda ya rubuta, kuskure ɗaya aikin ya wuce shi. Yana tsakar gida da kwamfutar aro, gumi sharkaf, sai ga kakarsa Hajiya Furera, wadda ba ta iya ganin jika ta bar shi ya sha iska.

"...ina gajiya, angon da ba cefane?"

"Ba gajiya, tsohuwa mai ran ƙarfe. Zo in yi gwaji da ke. Shekarunki nawa?"

"Shekarar fara aka haife ni."

Mahmud ya buga hakan, na'ura ta ƙi karɓa.

"Kin gani? Mai gadi na sa a bakin kowane gurbi. Gurbin suna haruffa yake karɓa, na shekaru sai lamba. Kin kawo mashi tatsuniya, ya koro ki."

"Yo mai gadin naka ɗan gidan wa ne? Na girmi ubanshi! Rubuta ɗari bakwai. Ni na ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ginin hasumiyar Gobarau."

"Na yarda. Haƙoranki ma can kika baro su."

Yana dariya ya buga ɗari bakwai. Na'ura ta karɓa salin-alin, ta yi mata rajista. Wallahi nan take dariyar ta ƙafe.

"Innalillahi! Ya ga lamba ce ya buɗe ƙofa. Ban ce mashi ya duba iyaka ba!"

"Ashe riga yake dubawa, ba fuska ba. Girman kai rawanin tsiya! Da gaban likita aka yi wannan fa?"

"Da na kaɗe har ganyena."

"Da ka dawo cin tuwona har furfura."

Nan da nan ya sa wa gurbin iyaka, ya sake buga ɗari bakwai. Wannan karon mai gadi ya ƙi. Mahmud ya yi ajiyar zuciya, ya ruga ɗaki ya dawo da farin goro, ya durƙusa.

"Na sallama, amarya. Kin fi na'ura."

"Da wane haƙorin zan ci? Tashi ka daka mani shi. Kuma ka rage mani ɗari shida da ashirin, kada likitan ya fasa aurena."