Idon Hagu Ne Sarki

Idona na hagu ya kunyata ni a gaban jikata, kuma har yau ban yafe masa ba.

Ita jikar tawa, Maryam, ce ta kai ni wurin koyon harbi na mata. Tun daga unguwarmu Rusaifa nake cika mata baki a mota: wadda ta koyi karatu da furfura, ƙaramar bindiga ce za ta gagare ta?

Mai koyarwa ta sa na leƙa allon harbi ta tsakanin tafukana, ta ce, “Ya Hajiya, idonki na hagu ne sarki. In allon ya rabu biyu, bi na hagu.”

Na ce, “'Yar nan, ko loma ban taɓa kaiwa baki da hagu ba.”

Na ɗaga bindiga, na kafa ido a kan bakinta. Duniya ta yi tsit. Allon ya rabu biyu yana lilo a hankali, kamar wata a cikin ruwan randa. Har na hango kaina ana yi mini guɗa. Na yi bisimilla, na zaɓi na dama, na yi ta harbi cikin natsuwa.

Aka jawo takardar allona fes, ko ƙwarzane babu. Ta Maryam, da ke damana, ta zama rariya.

“Shukran, Kaka! Ni ko farawa ban yi ba!”

Tun ranar, sunana a gida Mai Sadakar Harsashi. Washegari da safe na ɗauko kwalli, na fara rambaɗa wa sarkin. Ba don so ba.