Kwanon Yaya Habu

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar kwanon nan ba. Har yau idan kwano ya faɗi a gidanmu sai kunyar ta dawo min sabuwa.

Yayana Habu ya rasu da tarin fuka, wanda ake cewa tibi. Wata huɗu ya yi yana jinya a ɗakina a Sule Tankarkar. Mun makara wajen kai shi asibiti. Abin da ba mu makara ba shi ne ware masa kwano da kofi da cokali, kamar yadda kowa yake yi a wajenmu. Tun muna yara kwano ɗaya muke ci ni da shi, sai ga shi yana cin tuwo shi kaɗai. Ni kuwa ina kwana kusa da shi, na rufe taga na toshe da tsumma kada iska ta buge shi (a lokacin gani nake ni ne mai hankalin gidan).

Bayan sadakar bakwai aka aiko cewa duk wanda ya zauna da shi ya je asibitin Gumel a duba shi. Na kasa zama wuri ɗaya. In je gona, in dawo, in sake fita. Na daina cin abinci da 'ya'yana, kuma abin da nake so in sani ke nan: zan sake sa hannu a kwano ɗaya da su?

Sai na yi tunani, in za a duba ni, ai gara a duba kwanon, tunda a nan cutar take. Na naɗe shi da kofin a leda uku, na hau acaɓa ina riƙe da ƙunshin nesa da jikina har Gumel.

A asibitin benci cike yake da mutane. Da aka kira sunana na miƙe da sauri, ledar ta kama ƙusa ta yage. Kwanon ya faɗi a kan siminti, ya gangara tsakiyar mutane yana juyi, ya ƙi tsayawa. Na ware hannuwa na ce, "Kowa ya ja baya, kwanon mai tibi ne."

Wani dattijo ya gama tarinsa, ya ce, "Ɗana, mu nan duk masu tibi ne. Ina za mu ja?"

Aka yi dariya, har da masu dariya suna tari.

Ma'aikaciyar wurin, Sista Rifkatu, ta ɗauki kofin da hannunta, ta wanke da sabulu a famfo, ta tari ruwa ta sha a gabana. Ta ce, "Malam, zauna. Cutar ta iska take bi, ba ta kwano ba."

Na ce, "To Sista, ɗaki ɗaya muka kwana. Me ya sa shi ya tafi, ni ina nan?"

Ta ce idan ƙwayar cutar ta shiga huhu, ƙwayoyin da ke tsaron jiki sukan kewaye ta su yi mata katanga. A cikin kowacensu akwai umarni da muka gada, ƙwayoyin halitta. Wasu su farka su kama aiki, wasu su yi shiru. A jikin wani katangar takan riƙe shekara da shekaru. A jikin wani kuma faɗan ya yi zafi har ya ci huhun da ake karewa. Ta ce masana na iya ganin alamar ƙwayoyin halittar da suka farka a jini, amma har yanzu ba a gama gane dalilin bambancin ba.

"Kwanon fa?"

"Sabulu ya ishe shi. Tagar ce ya kamata a buɗe." Da ta ga fuskata sai ta ƙara, "Ba kai kaɗai ke rufe taga ba, Malam."

An gwada kakina, an ɗauki hoton ƙirjina, ba a ga cutar ta tashi ba. Aka ba ni maganin kariya, na shanye.

Yanzu a kwanon Yaya Habu ake zuba mana tuwo ni da yara, da lotsawarsa ta Gumel a gefe. Na koyi yin tambaya kafin in ɗauki kwano in hau acaɓa. Wata huɗu na bar yayana yana ci shi kaɗai a banza. Tagar ɗakin kuwa na cire mata sakata.