Ranar da Na Rufe Tashar Duwala

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ni kaɗai, da bakin nan nawa, na rufe tashar jiragen ruwa ta Duwala. Ni ba gwamna ba, ba soja ba. Tafinta ne kawai.

Bari in fara da faɗin aibina: ina ji da kaina a kan harsuna. Na zauna Ikko, na yi Abijan, na sayar da turare a Jidda. Ina jin Faransanci da Larabci da Fillanci da Pijin, har da ɗan Yarabancin ciniki. A New Bell, unguwarmu ta Hausawan Duwala, Alhazan da suka zo daga Kano da Sakkwato ba sa sa hannu a takarda sai sun ce, "A kira Baba Tafinta." (Ni kuwa in an kira, sai na gyara hula sau biyu kafin in amsa.) Wannan sunan ne ya sama mini aiki a wani kamfanin fito da kaya a unguwar Bonanjo, ina tsakanin buro, wato ofis, da Alhazai. In sun daina yarda da kunnena, ba ni da sauran sana'a.

Shekarun matsi ne, waɗanda muke ce wa kiris. Kafin ka sa takalmi da safe sai ka kasa kunne: an tare hanya? Direbobi sun shiga yajin aiki? Jita-jita ta fi babur ɗin bensikin, acaɓarmu ta nan, gudu.

A ƙarshen buron akwai wani ɗan ɗaki mai sanyi, da akwatunan ƙarfe biyu masu ƙyafta fitilu, wayoyi sun zubo musu kamar taliya. Hajara ce ke kula da su, 'yar aminina, haifaffiyar New Bell, injiniya. Ta taɓa ƙoƙarin yi mini bayani, wai ɗaya yana haɗa kwamfutocin buro, ɗaya yana zaɓa wa saƙo hanyar zuwa duwan, wato kwastan. Na katse ta, "Na sani, na ga irinsu a Jidda." (Ban gani ba. In ma na gani, rediyo na ɗauka.)

Wata Alhamis da hantsi na shigo na tarar kowa ya naɗe hannu. Daga ɗakin sanyi na jiyo Hajara a waya, murya sama: "Le routeur est tombé! Tous les ports sont bloqués, rien ne passe!"

Nan take kunnena ya yi aikinsa. Routier, direban babbar mota. Port, tashar jiragen ruwa. Wato direbobi sun tsunduma yajin aiki, an toshe tasha, ba abin da ke wucewa! Da na tuna ta ce "tous", wato duka, sai na ce ashe har ta garin Limbe. Ba tsoro na ji ba, wallahi daɗi na ji: ni na fara sani a duk Hausawan Duwala. Taku uku ne tsakanina da Hajara, ban tambaye ta ba. Na haye bensikin, babbar riga na kaɗawa kamar tuta.

Ana sallame azahar na miƙe a ƙofar masallaci na sanar. Alhaji Mamuda, wani Bakano da shinkafarsa ke cikin tasha, motoci biyu kuma na jiransa a unguwar Nkololoun, ya riƙo hannuna.

"Baba Tafinta, ka tabbata?"

"Alhaji, daga bakin injiniya na ji. Ni da Faransanci kuwa ba yau muka haɗu ba."

Sai ya sallami direbobin, ya ce su ɗauki duk lodin da suka samu su kama hanyar arewa kafin a tare ta. Masu shago suka fara jan ƙofa. Mata suka yi wa mai shinkafa layi. Kafin la'asar labarina ya zagayo ya dawo mini da motocin soja uku a cikinsa, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu: "Kun ji ko? Ai na faɗa muku!"

Alhaji Mamuda ya ce mu je buro ya ji makomar kayansa. Muka shiga tasi da wasu Alhazai biyu. A hanya muka yi ta cin karo da manyan motoci suna fitowa daga wajen tasha, danƙare da kaya. Alhaji ya dube ni. Na ce, "Ragowar jiya ne."

Muna shiga buro na ji ƙarar madannan kwamfuta, kowa na aiki. Hajara ta taso da takarda, fuska a sake.

"Alhaji, sannu da zuwa. Kayanka sun fita, sai ka turo motoci."

"Ba an rufe tasha ba?"

"Wa ya ce?"

Duk suka juyo kaina. Na gyara murya, na maimaita mata Faransancinta kalma da kalma, har da karya harshe irin na mutanen Abijan. Sai ta ja mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

"Baba, don Allah ku biyo ni."

Ta kai mu ɗakin sanyi ta dafa akwatin sama. "Ga routeur, Baba. Ba routier ba. Ba ya tuƙi, ba ya yajin aiki. Waɗannan ramukan da waya ke shiga, su ake kira ports."

Alhaji Mamuda ya sunkuya, ya sa ɗan yatsa a ɗaya, ko farce bai shiga ba.

"Wannan ramin gyaren, shi ne tashar da ka rufe mana?"

Duk sanyin ɗakin nan, gumi ya jiƙa mini hula. Hajara, don ta cece ni, ta shiga bayani: manhajar da ke cikin akwatin ce ke da kuskure, in saƙonni suka yi yawa sai ta rikice ta kulle ramukan. Masu ƙera shi sun aiko da gyara, ta ɗora ɗazu. Yanzu ko layi ɗaya ya yanke, da kansa zai koma ɗayan, kuma yana duba saƙo, in ya ga gurɓatacce ne ba ya wucewa da shi.

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. "Yana dubawa kafin ya wuce da shi? 'Yata, in gyaran nan ya rage, ki ɗora wa Baba."

Motocinsa kuwa tuni sun wuce garin Edeya da lodin ayabar wani. Kwana uku na yi ina zaga gareji ina roƙon direbobi kafin shinkafar ta tashi. Mafi ɗaci, ranar nan da magariba sai da na sake miƙewa a ƙofar masallacin nan na buɗe tashar da na rufe da azahar. Liman da kansa ya ce, "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe."

Alhazai ba su kore ni ba, amma wata guda duk abin da na fassara sai an ce, "Bari mu ji ta bakin Hajara." Sunan Baba Tafinta kuma ya tafi ke nan. Har yau in na wuce kasuwa, sai wani ya ɗaga murya: "Gwamnan Tasha, yau a buɗe take?"

A Jidda na koyi Larabci, a Abijan na goge Faransanci, amma sai a ɗakin sanyin Bonanjo, da furfurata, na koyi jimlar da ta fi su duka amfani, kuma da Hausa take: "Me kike nufi?"