Ranar da na ba da shawara a ƙwace gonata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muryata ta fito a rediyo ba, ko da na so mantawar, mutanen garinmu ba za su bari ba.

Abin ya faru kafin yaƙin nan. Baba ya kwana biyu yana fama da gwiwa, sai ya damƙa mini hawasharsa, wato gonar da ya gada a tsarin ban ruwa na Suki. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ta lalace a hannuna. Ni kuwa noman da na fi ƙwarewa a kai shi ne na baki, a wurin mai shayi. Kullum da yamma nakan dawo in ce masa dawa ta yi kyau, shi kuma ya gyaɗa kai, rediyonsa manne da kunne. Shekara biyu rabonsa da gonar.

Wata safiya wani ma'aikacin rediyo ya zo daga Wad Madani da na'urarsa, ya same mu a wurin mai shayi, yana neman matashin manomi da zai yi hira da shi. Kafin kowa ya ajiye kofi na miƙe. Sai da muka kama hanya na tuna yadda gonata take: ciyawa ta kai ƙugu, wuta-wuta ta yi fure abinta, dawar kuma sai ka duƙa ka neme ta. Don haka na wuce da shi gonar maƙwabcinmu Baffa Sale, wadda ke gindin aduwa kusa da gada (na san ya tafi gaisuwa Sinnar, ɓarawo ma yana da nasa lissafin).

Hira ta yi daɗi. Na shafa zangarniya, na yi bayanin sammako da haƙuri, har na ce ni gona ce matata ta fari. Mutumin ya kwatanta wa masu sauraro aduwar da gadar da koren ganye. Sannan ya juya yamma, ya yi turus.

"Ya ustaz, wannan kuma ta wane ce?"

Tawa ce. Na dube ta kamar yau na fara ganinta, na girgiza kai. Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma wanda ya ga bakin na'ura a gabansa ba ya son a janye. Na ce ta wani malalaci ce da bai san darajar gado ba. Na ce irinsu ne ke ɓata mana suna. Na ƙara da cewa, a ra'ayina, kamata ya yi a karɓe ta a ba mai ƙwazo (ba wanda ya tambaye ni ra'ayi).

Ranar Alhamis za a sa shirin, kuma tun kafin hankalina ya dawo jikina na riga na shelanta wa rabin gari. Aka cika rumfar Baba tun hantsi. Baffa Sale ma ya dawo, ya zo da tabarmarsa. Aka yi labarai a rediyo, na yi ta fatan wani babba ya yi doguwar magana ta cinye lokaci, bai yi ba. Aka shiga wasan kwaikwayo a kan wani ɗa da ke yaudarar ubansa, kowa na tsine masa, ni ma na taya. Aka yi shirin mawaƙa, aka yi na matsalar ruwan sha. Na ba da shawarar a hutar da batir. Baba ya zaro sababbi daga aljihu.

Bayan la'asar sai ga muryata. Da aka ambaci aduwa da gada, Baffa Sale ya ajiye kofin gahawarsa a hankali. Da na kai wurin matata ta fari, ya dube ni ya ce, "Ashe mun haɗa iyali, ɗana." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, irin wadda haƙora kawai ke yi.

Sai aka juya yamma. Babu wanda ke rumfar nan da bai san gonar da ke yamma da ta Baffa Sale ba. Dariya ta ɗauke. Muryata kuwa ta ci gaba, garau, tana zagin malalaci. Ban taɓa jin na yi Larabci mai kyau irin na ranar ba.

Baba ya bari har aka gama, sannan ya kashe rediyon. Bai ɗaga murya ba.

"Sale, haka gonag ga take?"

"Haka take, Yaya. Na rasa bakin hwaɗa maka ne."

Ya daɗe yana kallon gwiwarsa. Wallahi da ya kwaɗa mini sanda da ya fi mini sauƙi, don a lokacin na gane shekara biyu yana gyaɗa kai ne saboda ya yarda da ni. Kunya ta rufe ni.

"Tau," in ji shi, "wanga yaro na rediyo ya san aiki. Na ji shawara tai, na ɗauka. Sale, riƙe ta damina biyu. In kana son ɗan ƙwadago, ga malalacin nan zaune."

Haka aka yi. Damina biyu ina cire ciyawa a gonar ubana a ƙarƙashin wani, masu wucewa kan jaki suna gaishe ni da "sannu, ustaz". A ta uku Baba ya mayar mini, bayan ya sa an kai shi a keken jaki ya gani da idonsa.

Darasin gaskiya da riƙon amana na koye shi, ba na musu. Amma abin da ya fi ci mini rai har yau, sai ina tsakiyar noma ya faɗo mini: rediyo ba shi da ido. Da na zauna a wurin mai shayi na yi ƙaryata cikin mutunci, ba wanda zai ga ko ciyawa ɗaya.